Irin Da Inna Ta Rataya

Yako, 12 ga Maris

Zuwa ga ’yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda muke a nan. Ummarku Luba tana gaishe ki. Ta ce lallai in fara da godiya, don shekara biyu ke nan da kika kawo mata murhun nan mai bututu, kuma tun daga lokacin tarin da ya hana ta sakat shekara goma ya yi ƙaura. Har ƙiba ta yi. Ni kuwa gwiwa ce kawai, sai kunnen da kika sani, wanda ya sa nake damun ki da takarda a zamanin da kowa ke manne da waya. Kamilu direba ya ce a duk masu tsayar da shi a Kwanar Dangora ni kaɗai na rage mai ba shi wasiƙa.

Ki gaida mini babanki, taubashina Mustapha. Ki ce masa na wuce ta gonarsa ta Ƙofa, ciyawa na gaishe shi, ta ce ya yi zamansa a birni, tana riƙe masa wurin.

To, abin da ya sa na ɗauki biro. Bara mun sha kashi. Damina uku ke nan muna shuka dawar da malamin gona ya kawo, gajeriyar nan mai saurin nuna. Sharaɗin samun taki shi ne a shuka ta ita kaɗai, kada a haɗa da ta gida. Shekarar farko ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba. Bara kuwa ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara daidai lokacin da take fitar da kai, ta ƙone a tsaye. Rumbun da ke kai mu har tsakiyar damina, tun watan jiya na ga gindinsa.

Dawar Inna ba haka take ba. Mutanen gari kaurar Kyauta suke ce mata, da sunan mahaifiyata, mu da ba ma iya kama sunan sai mu ce kaurar Inna. In ruwa ya ɗauke sai ta naɗe ganye ta yi shiru kamar mai fushi, ranar da ya dawo ta warware. Daga gidansu na Ƙofa ta zo da irin ranar da aka kawo ta, kuma ita da kakanki uwa ɗaya uba ɗaya suke, kin ga ke ma kina da gado a ciki. Na bincika Yako da Ƙofa kaf. Kowa ya bi gajeriya, wanda ya ɗan ajiye ta gida kuma yunwar bara ta sa ya daka. Namu kaɗai ya rage, wanda Inna ta zaɓa da hannunta a kakar da ta rasu.

Bana ita zan koma wa, su riƙe takinsu. Ke da kike zaune a ofishin da ake ba gwamnati shawara kan noma da sauyin yanayi, ki faɗa mini gaskiya: yaya kuka hango daminar bana? Rediyo yana faɗa, amma ba ya isa kunnena.

Babanki,
Wada

Abuja, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Baba Wada,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na sami wasiƙarka, na ji daɗin jin lafiyarku. Mu ma lafiya ƙalau, sai ƙaramar, Husna, da haƙori ya sa wa zazzaɓi, amma ta warware. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Babana ya ce in gaya maka da gangan ya bar wa ciyawa gonar, don ka sami abin magana.

Baba, hasashen da ke hannunmu ba shi da daɗin ji. Ana ganin ruwa zai makara a yankinku, har su Tudun Wada da Doguwa, kuma yana iya ɗaukewa a tsakiya kamar bara. Hasashe ne, Allah ne masani, amma da ni ce ba zan yi shuka da yayyafin farko ba.

Maganar kaurar Inna ta sa na ajiye takardar. Na tuna tuwonta, da yadda take ce mini ƙawata tana buge mini hannu in na yi babbar loma. Kuma maganar ta zo a kan gaɓa. Shekara biyu ke nan ina fama da takarda ɗaya, ina roƙon a daina hana manomi taki don ya shuka irin gidansu. Sau uku ina kai ta gaban kwamiti. Duk zuwa sai wani ya gyara tabarau ya ce, “Malama, wannan ai labarin kakanni ne, ina hujja?” Hujja a wurinsu ita ce iri a hannu, a kai ɗakin gwaji, a shuka, a auna. Za su sake zama a watan Yuli. In ka taimaka mini da ko rabin kwano ne, zan shiga da shi in dire musu a kan tebur. Yana nan lafiya dai ko? A ina aka adana shi?

Ka ce wa Umma Luba labarin tarinta ya faranta mini rai ƙwarai. Murhun nan shi kaɗai ne aikin da na sa hannu a ciki na ga amfaninsa da idona: itace kaɗan, hayaƙi a waje, bishiyoyi su huta. Sauran duk takarda ce a kan takarda, har na fara mantawa da kamannin gona.

’Yarka,
Rufaida

Yako, 20 ga Afrilu

’Yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai zafi. A shafa mini kan Husna.

Ki kwantar da hankalinki. Iri yana nan inda Inna ta rataye shi, a saman madafi, naɗe cikin tsohuwar tabarmarta. Babu wanda ya taɓa shi tun rasuwarta. Ni kin san rabona da shiga madafi tun kafin a haife ki, ba wurin maigida ba ne, amma na tambayi Luba ta ce kullum tana ganin sa in ta ɗaga kai. Inna ba ta taɓa sauke iri kafin ruwan shuka ya sauka ba, ni ma ba zan fara ba. Ranar da na sauke, rabin kwanonki ne farkon abin da zan auna. Ki ce wa mai tabarau ya tanadi ruwan zafi, hujja na tafe, har ta tuwo.

Babanki,
Wada

Yako, 11 ga Yuni

Rufaida,

Assalamu alaikum. Jiki dai lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Shekaranjiya da asuba Allah ya ba mu ruwan shuka, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da safe na sa Luba ta riƙe mini tsani, na shiga madafi. Abin da na fara gani shi ne haske. Madafin da na sani baƙi ne wuluk, kunkunniya na reto daga azara. Yanzu fari tas. Luba ta share, ta shafa farar ƙasa, har kalanda ta manna a bango.

Na sauko da tabarmar, na ji ba nauyi. Ina warwarewa gari ya zubo mini a ƙafa, baƙaƙen ƙwari suna ta gudu. Zangarniya arba’in Inna ta ɗaure. Duk wadda na ɗaga na girgiza, sai ƙaiƙayi.

Hayaƙin ne, Rufaida. Ba don ɓera ko akuya Inna ke rataye iri a saman murhu ba, don hayaƙi ne. Shi ke busar da shi, shi ke korar ƙwari. Na san wannan tun ina yaro, kamar yadda na san sunana. Amma kullum ina zaune a tsakar gida ina ganin hayaƙi na tashi ta saman madafi, sai na ɗauka yana bin hanyar da ya saba. Ban taɓa tsayawa na ce wa kaina, ai a cikin bututu yake, ba ya taɓa komai ba. Shekara biyu ƙwari na shagali a bisa kan matata tana tuƙa tuwo.

Luba ’yar tela ce daga Tudun Wada, ba a rataye iri a gidansu. Ita a ganinta kayan marigayiya ne, ba a taɓawa, shi ke nan. Tana riƙe da tsanin ta ce, “Malam, ni na share. Ni na kashe wa Inna iri.”

Na ce, “Ke tsintsiya kika riƙe. Ni ne na san dalili ban tuna ba.”

Ta ce, “To me ya sa ba wanda ya gaya mini? Takardar da ta zo da murhun har hoton yadda ake goge shi akwai.”

Na naɗe tabarmar na fito da ita tsakar gida.

Ba don in ɗora miki laifi na rubuto ba. Alheri kika yi, kuma ƙirjin Luba shaida ne. Amma rabin kwanon da na yi miki alkawari babu shi. Jiya na koma wurin malamin gona da kaina a ƙasa na karɓi gajeriya, don gona ba ta jiran mai baƙin ciki. Ban taɓa jin gajiya irin ta wannan shukar ba, kuma ba ta gwiwa ba ce.

Luba kuwa tun shekaranjiya tana zaune da faifai a gindin dalbejiya, tana tsintar ƙwaya ɗai-ɗai, tana neman wadda ba huda. Na ce ta bari. Ta yi kamar ita ce mai ciwon kunnen.

Wada

Yako, 24 ga Agusta

’Yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Wata biyu da rabi ban ga amsarki ba, alhali Kamilu ya rantse a hannunki ya sa tawa. Na zauna na tuno abin da na rubuta, ko akwai layin da ya yi kama da zargi. In akwai, biro ne ya zame, ki yafe wa tsoho.

Ga labari. Kwana huɗu Luba ta yi a kan faifan nan, ta sami cikin ludayi ɗaya. Ban sa rai ba, iri ya kwana shekara uku da ɗoriya. Ta shuka a bayan gida, a tsohon turken awaki, ta kewaye da ƙaya. Guda ashirin da uku suka fito. Akuyar maƙwabta ta ci huɗu, abin da ya sa Luba ta yi sati ba ta amsa gaisuwar matar gidan. Saura goma sha tara.

Hasashenku ya yi daidai, ban sani ba ko in taya ku murna. Ƙarshen Yuli ruwa ya ɗauke kwana goma sha shida. Gajeriya ta sake kwantawa, in na sami kashi ɗaya cikin uku na gode Allah. Na ce wa Luba ta bar na bayan gida mu ga halinsu, ko kya sami hujjar da za ki kai. Ta ce, “Ba za a yi gwaji da marayu ba,” ta ɗauki buta. To kin ji, hujjarki ta sha ruwan rijiya. Amma na gan su da tsakar rana sun naɗe ganye sun yi shiru, sak yadda na gaya miki. Na daɗe a tsaye a wurin, har Luba ta leƙo ta ga ko lafiya.

Abu ɗaya ke damuna. Jiya na ga ta ɗauko duwatsun tsohon murhu guda uku daga bayan danga, ta wanke su, ta shiga da su madafi. Ban tambaye ta ba, don na san amsar.

Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Babanki,
Wada

Abuja, 9 ga Satumba

Baba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Babu layin zargi a wasiƙarka, da akwai ma da ya fi mini sauƙi. Kunya ce ta hana ni rubutu. Sau uku ina farawa in yaga. Na kira wayar Umma Luba, tana ta ƙara ba a ɗauka, ban kuma ga laifinta ba.

Kwamiti ya zauna, na shiga hannu rabbana. An ɗage takardata sai baɗi.

Ranar da na karanta labarin tabarmar, na sauka bene ɗaya zuwa sashen masu kula da iri. Akwai wani dattijo a wurin, Malam Uba, ya kusa ritaya. Na ba shi labari. Bai ko yi mamaki ba, ya ce, “Ai kowa ya san hayaƙi ke riƙe wa ƙauye iri.”

Na ce, “Malam, kun sani, me ya sa ba ku faɗa mana ba lokacin da muke raba murhu?”

Ya ce, “’Yata, kun tambaye mu?”

Baba, shekara huɗu muna gini ɗaya da mutumin nan. Matakala ashirin ce tsakaninmu. Mu muna ƙirga bishiya da ƙirjin mata, su suna ƙirga iri, ba wanda ya taɓa shiga madafi ya ɗaga kai. Garin neman gira muka taɓa ido. Na rubuta layi biyu a ƙara a takardar da ke bin murhun, cewa duk mai iri a rataye ya sauke ya sake masa ma’aji. An ce an riga an buga takardun, kuma maganar iri ba hurumin sashenmu ba ce, in jira zagaye na gaba. Madafi nawa ne ke da tabarma a sama irin taku? Ban sani ba, ba a ba kowa aikin sani ba. Na gaji, Baba, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, don Allah ka karanta wa Umma. Ba sai an koma wa hayaƙi ba. In kun yanke zangarnun, ku shanya su har sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori. Ku sussuke, ku zuba a busasshiyar gorar roba mai murfi, a cika ta har wuya, a ɗaure murfin tam, a ajiye a inuwa. In ba iska, ƙwaro ba ya rayuwa. Malam Uba ya ce sun gwada shekara da shekaru. Abu ne mai sauƙi haka, kuma da na sauka benen nan shekara biyu da suka wuce, da kaurar Inna na gonarka yau.

Don girman Allah kada Umma ta hura duwatsun nan. Likita ya gaya mana tun wancan karon, ƙirjinta ba zai sake ɗauka ba.

’Yarka,
Rufaida

Yako, 20 ga Disamba

’Yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara da taubashina. Ni lafiya. Ta Luba zan zo kanta.

Wasiƙarki ta watan Satumba sai ranar Juma’ar nan ta iso. Injin motar Kamilu ne ya buga a hanya, motar ta yi wata uku a wurin bakanike, takardarki na ƙarƙashin kujera. Ya kawo ta duk baƙin mai, yana ta ba da haƙuri. Ban yi masa faɗa ba. Ni a zatona fushi kike, ashe ke ma kina can kina jiran amsa.

Gajeriya ta ba da abin da ta ba da, ba zai kai mu ko bazara ba. Na bayan gida kuwa duk sun yi kai, goma sha tara cif, manya, har na ji kunyar yadda na ce Luba ta bar faifan. Tsakiyar Nuwamba muka yanke. Ranar ta rataye su a azara, ta jera duwatsunta a ƙarƙashi. Girki tana yi a murhunki, amma kowace safiya sai ta hura na Inna da ɗanyen itace, ta zauna tana fifita don hayaƙin ya hau sama. Na ce ta hura ta fito. Ta ce in ta fito wuta na iya kama azara. Sati biyar ke nan. Tarin ya dawo tun sati na biyu.

Na karanta mata wasiƙarki sau biyu, har wurin likitan. Ta yi kuka a wurin matakala ashirin, ta ce in gaya miki ba fushi ya hana ta ɗaukar waya ba, rasa abin faɗa ta yi. Mun yi yadda kika ce. Goma sha huɗu mun sussuke, suna cikin gora a ƙarƙashin gadona, na ɗaure murfin har hannuna ya yi ciwo. Biyu ga su nan na ba Kamilu a cikin ƙunshi, ba su kai rabin kwano ba, amma ki dire wa mai tabarau. In kin ga dama ki fara biyawa ta wurin Malam Uba, ki gaishe shi.

Saura uku. Da na miƙa hannu zan sauke su, Luba ta riƙe tsanin, ba don in hau ba.

Na ce, “Rufaida ta ce gora ta isa. Masana sun gwada.”

Ta ce, “Na yarda da Rufaida, Malam. Murhun ma ai masana ne suka gwada.”

Na ce, “Ƙirjinki fa?”

Ta ce, “Sau ɗaya iri ya mutu a hannuna, ina kallon sa kullum. Waɗannan ukun na Inna ne. In gorar ta kai ruwan shuka lafiya, ni da kaina zan fitar da duwatsun.”

Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo mata yayarta Zuwaira daga Tudun Wada. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, kuma ban san da bakin da zan ce mata wannan karon ba a manta da komai ba. Ke ko za ki iya, ki sake kiran ta, na sa ta yi alkawarin ɗauka.

Ruwan shuka saura wata shida. Yanzu haka da nake rubutun nan hantsi ya ɗaga, ta hura. Ni da ba na jin kiran waya a aljihuna, ina jin tarinta daga madafi.

Babanki,
Wada